Yadda Za a Shirya Ɗakin Kwanan Yaro Don Ya Samu Natsuwa da Dogaro da Kai

A yawancin gidajenmu ɗakin yara shi ne kuma sito. Can ake jibge buhun shinkafa, da tsofaffin akwatunan lefe, da keken ɗinkin da ya lalace, da jakunkuna cike da kayan da ba a sawa kuma ba a kyautar ba. Sai a jefa katifa a gefe a ce wa yaro ga ɗakinka nan. In dare ya yi ya ƙi kwana a ciki, a ce matsoraci ne. Da safe ya rasa safarsa, a ce sakarai ne. Alhali ɗakin ne bai ba shi dama ba.

Abu biyu ake nema. Na farko, yaro ya kwanta ya yi barci ba zafi, ba sauro, ba tsoro. Na biyu, ya iya yi wa kansa yawancin abin da yake bukata a cikin ɗakin ba tare da ya ƙwala wa Umma kira ba. Na farkon ne ke kawo natsuwa, na biyun ke gina dogaro da kai, kuma babu wanda ya dogara ga tsadar gado ko kyan labule. Bayanin nan ya shafi yaro, mace ko namiji, daga yaye zuwa wajen shekara goma. Jaririn da bai cika shekara ba nasa tsarin daban ne: yana kwana ɗaki ɗaya da uwarsa, a rigingine, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba filo ba tarin zannuwa.

Mataki na farko: a kwashe, sannan a durƙusa

Ku fitar da duk abin da ba na yaron ba. In babu inda za a kai su, a tattara su a bango ɗaya a ja musu labule mai kauri. Amma akwai abubuwan da ba sa kwana ɗaki ɗaya da yaro ko ta halin ƙaƙa: jarkar fetur ko kananzir, maganin ɓera, maganin ƙwari, magungunan manya, da buhun hatsi, domin hatsi yana kiran ɓera, ɓera kuwa shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa.

Bayan an share, ku durƙusa a tsakiyar ɗakin har idonku ya zo daidai da nasa, ku duba. Makunnin fitila ya fi ƙarfin hannunsa. Ƙusar da ake rataye jakarsa sai ya taka wani abu. Wardrob ta yi masa rumfa a ka. Ƙarƙashin gado, wanda ku ba ku taɓa lura da shi ba, shi ne abin da ya fi gani, kuma duhu ne ƙirin. Likitar nan ta ƙasar Italiya, Maria Montessori, da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, cikin abubuwan da ta fara yi har da sa a ƙera kujeru da tebura daidai tsayin yara, marasa nauyi yadda za su iya ɗagawa da kansu. Duk matakan da za su biyo baya daga wannan durƙuson suke tasowa.

Mataki na biyu: inda shimfiɗa za ta zauna

A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura ma'auni 40, kuma bulon siminti yana shan zafin nan ya riƙa sakin sa har tsakar dare. Bangon da ke kallon yamma shi ya fi sha. Ku gwada: bayan sallar isha'i ku dafa kowane bango da tafin hannu. Wanda kuka ji da ɗumi, kada a jingina shimfiɗar yaro da shi. A can za a ajiye wardrob.

Sai iska. In ɗakin yana da taga biyu, shimfiɗa ta kasance a kan hanyar da iska ke bi tsakaninsu, amma kada kansa ya zo daidai ƙarƙashin taga, saboda feshin ruwan damina da ƙurar hunturu. In rufin kwano ne ba silin, to silin ya fi duk wani ado da kuke shirin saya muhimmanci, a fara da shi.

Abu na uku, yaro ya iya hango ƙofa daga inda yake kwance. Wanda ya juya wa ƙofa baya, duk motsin da ya ji sai ya zabura ya waiwaya. Ku kuma lura da bangon da talabijin ɗin falo ke jingine da shi ta ɗaya gefen, a nisanta kansa da wannan bangon.

Game da gadon kansa, ni na fi son katifa a ƙasa a kan leda ko tabarma ga wanda bai kai shekara huɗu ba. Ba faɗowa, ba jiran a ɗauke shi, ba kuma duhun ƙarƙashin gado. Sai dai a riƙa ɗaga katifar ana jingine ta tana shan iska, musamman da damina, don kada ƙasanta ya yi danshi. In gado za a yi, a gaya wa kafinta ya yi shi gajere yadda in yaron ya zauna a bakinsa tafin ƙafarsa zai taɓa ƙasa. Gado mai hawa biyu yana rage cunkoso, amma likitocin yara ba su yarda wanda bai kai shekara shida ya kwana a sama ba, kuma dole a yi masa makari ta kowane gefe, a kuma nisanta shi da fankar sama.

Mataki na uku: gidan sauro

Najeriya kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara biyar su cutar ta fi kashewa. Ko an bar maganar cuta, yaron da ya kwana yana susa ba zai tashi da daɗin rai ba.

Sabon gidan sauro mai magani, a shanya shi a inuwa na kwana ɗaya kafin a fara kwana a ciki. A ɗaure shi yadda zai sauko sosai a iya cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta ko'ina, kuma ya zama da faɗi, domin in hannun yaro ya jingina da ragar sauro zai cije shi ta waje. Igiyoyin a ɗaure su sama, kada a bar wata tana reto kusa da wuyansa. Wanki da sabulu mara ƙarfi, shanya a inuwa, huda kuma a ɗinke ta ranar da aka gan ta.

Ga abin da ake mantawa: ku koya masa shiga da fita da cusa bakin da kansa. Gefe uku ku cusa, na huɗun nasa ne. Yara da yawa kan so gidan sauro in ya zama nasu, domin wani ɗan ƙaramin ɗaki ne a cikin ɗaki.

Fiya-fiyar da ake sayarwa a kwalabe marasa takarda kada ta shiga ɗakin yaro. In maganin feshi ne na gwangwani, a fesa tun da yamma a rufe, sannan a buɗe tagogi warin ya fita sarai kafin ya shiga. Maganin sauro na hayaki kuwa yana tayar wa mai asma ciwonsa.

Mataki na huɗu: duhu da haske

A nan ne ya kamata a daɗe, domin yawancin tsoron yara daga nan yake. Da daddare ku shiga ɗakin, ku kashe fitila, ku kwanta a shimfiɗar yaron na minti biyar. Rigar da aka rataye a bayan ƙofa za ta koma mutum mai tsaye ba kai. Labule in iska ta kaɗa shi, sai ka rantse wani ne ya leƙo. Hasken fitilar maƙwabta yana jefo inuwar reshen darbejiya a bango tana motsi. Ku da kuka san mene ne sai gabanku ya ɗan faɗi, balle ɗan shekara huɗu. Duk abin da kuka gani a wannan kwanciyar, ku gyara shi: a sauke rigar, a ɗaure labulen, a rufe ƙofar wardrob.

Sannan a yi masa fitila iri biyu. Ta sama mai haske don karatu da neman kaya. Ta dare kuma ƙarama, mai haske ja-ja ko ruwan ɗorawa, a ajiye ta ƙasa-ƙasa, ba saitin idonsa ba. Dalili shi ne farin haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta fitowar sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki lokacin barci ya yi, kuma idon yara ya fi na manya jin wannan hasken. In za ku sayi ƙwan fitila, ku duba jikin kwalin. Mai lamba 2700K ko 3000K shi ne mai laushin haske. Mai 6500K shi ne farin nan tas da ya dace da kicin ko shago.

Tunda wutarmu ba ta sallama in za ta tafi, fitilar daren ta zama mai caji ko mai sola. A kuma ba shi 'yar tocila tasa, a cikin gidan sauron, kullum wuri guda. Yaron da ya san yana da ikon kore duhu da yatsansa ya yi rabin rabuwa da tsoron duhu. Sauran rabin yana bakin manya. Ba zai yiwu da rana a ce masa "in ba ka yi shiru ba dodo zai zo ya kama ka", da dare kuma a ce masa ba komai a ɗakin ba. A gaya wa yayye da masu aiki su ma su daina.

Talabijin da waya ba su da wurin zama a ɗakin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana guda, kuma kallon talabijin ko waya kada ya wuce awa ɗaya a rana ga ɗan shekara biyu zuwa huɗu. 'Yan shekara shida zuwa goma sha biyu kuwa, likitocin barci sun sa musu awa 9 zuwa 12. Ku yi lissafi: wanda za a tasa ƙarfe shida don makaranta, ƙarfe tara ta yi masa ya riga ya yi nisa a barci.

Mataki na biyar: abubuwan da ke kisa

Wardrob da durowa masu tsayi a ɗaure su da bango. Yaro yakan jawo aljihunan durowa ya mai da su matakala, sai ta rinjayo ta danne shi. A 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 daga kasuwar Amurka bayan mutuwar yara ta wannan hanyar. Ƙarfe mai kusurwa guda biyu da 'yan kusoshi masu murɗi sun wadatar. Kafinta zai iya ce miki, "Haba Hajiya, ai nauyinta ma ya isa." Ki ce, "Malam, nauyin nata nake tsoro, a ɗaure min ita."

Soket ɗin da ke ƙasa a toshe shi ko a tura wardrob gabansa, wayar da ta zage a canza ta. Sakatar ciki a cire ta ko a mayar da ita can sama, kada ya kulle kansa ya kasa buɗewa. Janareta kada a ajiye shi bayan tagar ɗakin. Kaskon gawayi kuma, komai tsananin hunturu, ba ya kwana a rufaffen ɗaki. Dukansu biyu suna fitar da iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, mai barci ba ya farkawa ya gudu. Hadisi ma ya zo a Bukhari da Muslim da hanin barin wuta a cikin gida idan za a kwanta. Bargo da safa da hula su ne maganin sanyi.

Mataki na shida: komai ya sauko inda hannunsa zai kai

Ku kira yaron ya tsaya jikin bango, ku sa alama daidai kafaɗarsa. A wannan layin za a kafa marataya uku ko huɗu masu dunƙulen kai, ba ƙusa mai tsini ba: ɗaya na kayan boko, ɗaya na Islamiyya, ɗaya na jaka, ɗaya na tawul. Kayan sawa na yau da kullum su zauna a kwanduna a ƙasa ko a kanta mara ƙofa: riguna nan, wanduna nan, safa da kamfai nan. Wanda bai iya karatu ba tukuna, a zana masa hoton abin a manna a jikin kwandon. Kayan sallah da na biki su ne za su hau sama. A rage yawan na ƙasan, in kwando ya cika maƙil ba zai iya zaro ɗaya ba sai ya zubar da duka.

A kafa madubi daidai fuskarsa, a ɗaure shi sosai. Ga mataji, ga man shafawa kusa. Kofin ruwa mai murfi a gefen shimfiɗa. Kwandon kayan dauɗa a bayan ƙofa. Ƙaramin da banɗaki ya yi wa nisa da dare, a ajiye masa fo da buta a wuri guda da ya sani. Shimfiɗar kuma ta zama mai sauƙi, zanin gado ɗaya, filo ɗaya, abin rufa ɗaya, yadda zai iya kakkaɓewa ya gyara da kansa.

Yanzu ga wurin da iyaye suka fi faɗuwa. Zai gyara gadon a karkace. Zai ninke riga ta fito dunƙule. Hannunku zai yi ta ƙaiƙayi. Kada ku warware a gabansa ku sake, domin abin da zai fahimta shi ne nasa bai yi ba, gobe kuma ba zai wahalar da kansa ba. In za ku yaba, ku faɗi abin da kuka gani: "Na ga ka rataye jakarka tun kafin a ce maka." Wannan ya fi "yaron kirki" zama a ransa.

Mai fitsarin kwance ma a shirya masa ɗakin ya rufa masa asiri. Leda a ƙarƙashin zanin gado, wando da zani na canji a kwando kusa, bokiti mai murfi na zuba jiƙaƙƙun. Ba da gangan yake yi ba, kuma tsokana da waƙar da ake yi wa irin waɗannan yaran ba ta taɓa busar da katifa ba. In abin ya zarce shekara bakwai, ko ya dawo bayan ya daɗe da dainawa, a ga likita.

Mataki na bakwai: kayan wasa, fenti da ado

Kayan wasa kaɗan sun fi tuli. A wani bincike da aka wallafa a 2018 daga Jami'ar Toledo ta Amurka, an ba ƙananan yara 36 kayan wasa huɗu a wani zama, goma sha shida a wani, sai aka ga sun fi daɗewa a kan abu guda kuma sun fi ƙirƙirar hanyoyin wasa da shi idan huɗu ne. Ku bar kaɗan a waje, sauran a akwati, bayan mako biyu ko uku a musanya.

Launin bango ba shi da sirrin da ake zuzuta masa. Mai haske mara ɗaukar ido ya isa: ruwan madara, shuɗi ko kore mai haske. Ku zaɓi biyu da kuka yarda da su, shi ya ɗauki ɗaya. Abin lura shi ne irin fentin. A yi amfani da fentin ruwa, a guji fentin mai, musamman ja da rawaya masu ƙyalli, domin a irinsu aka fi samun dalma. Mutanen Zamfara sun san abin da gubar dalma ke yi, tun 2010 da ta kashe yara aƙalla 400, duk da cewa waccan daga dutsen zinariya ta fito. Ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Tsohon fentin da ke ɓarewa kada a kankare shi yara na wurin, sabo kuma a bar shi ya bushe warin ya fita kafin a kwana.

Bango uku a bar su fayau. Na huɗun nasa ne: zanensa, allonsa, hoton iyali, da layin da ake auna tsayinsa.

Mataki na takwas: lungun hucewa, da maganar 'yan'uwa

A wata kusurwa a shimfiɗa darduma, a sa filo biyu da 'yan littattafai. Nan ne wurin da zai je in ransa ya ɓaci ko hayaniyar gida ta ishe shi. Ku fara zama da shi a wurin lokacin da yake cikin daɗin rai, ku yi masa tatsuniya, har wurin ya zama na daɗi. Sharaɗi ɗaya ne: ba a tura shi can don horo, kuma ba a kulle shi a ɗakin. Ɗakin da aka taɓa kulle yaro a ciki yana kuka, da wuya ya yarda ya rufe ido a cikinsa. Kuma tunda muna koya musu neman izini kafin su shigo mana, kamar yadda aya ta 58 ta Suratun Nur ta koyar, mu ma mu yi sallama a ƙofarsu.

In yara biyu ko uku ne a ɗakin, kowa ya samu abu uku da ba ya tarayya da kowa a kansu: shimfiɗarsa, maratayinsa, da akwati ko kwalin da ba mai buɗewa sai da izininsa, ko da murafen kwalba ne da duwatsu a ciki. Rabin faɗan yara a kan wannan ne. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya yi umarni da raba musu makwanci a shekara goma. In babu ɗaki na biyu, labule daga bango zuwa bango yana raba ɗaki gida biyu. Mai ciki da falo ma zai iya yin duk wannan a kusurwa guda: katifa, gidan sauro, marataya, kwando, tocila.

Mataki na ƙarshe: tarewa

Kada a tare da yaro a sabon ɗaki a makon da aka haifi ƙaninsa, ko aka yaye shi, ko aka sa shi makaranta. Zai ɗauka kora ce. A yi tun da sauran watanni, ko a jira ƙura ta lafa.

A fara da rana: wasa a ciki, sai barcin rana, sannan kwana. Kowane dare a bi tsari iri ɗaya, wanka, goge baki, fitsari, tatsuniya ɗaya, addu'ar barci, a rage fitila. Daren farko ku zauna a bakin shimfiɗa har ya yi barci. Bayan 'yan kwanaki ku koma tsakiyar ɗaki, sannan bakin ƙofa, sannan waje, ƙofa a buɗe kaɗan yana jin motsinku. In kun ce "zan dawo in duba ka bayan na wanke kwanuka", to ku dawo, ko da kuna zaton ya yi barci.

Zai taso cikin dare ya zo ɗakinku, ba sau ɗaya ba. Ku kama hannunsa ku mayar da shi, ba faɗa ba doguwar hira. Da safe ku tambaye shi abin da ya tashe shi, domin sau da yawa amsar mai gyaruwa ce: zafi, sauro ɗaya da ya shige ta huda, ko kukan mage a kan katanga. Amma in yana minshari mai ƙarfi kullum, ko numfashinsa na ɗaukewa a cikin barci, ko kuwa yaron da ya saba kwana lafiya ya wayi gari yana ƙin ɗakin ko yana ƙin kwana da wani mutum takamaimai, wannan ba aikin kafinta ba ne. Na numfashin a kai shi asibiti. Na ƙin ɗakin kuwa a zauna da shi a keɓe, a saurare shi da kyau, kuma kada a ƙaryata shi.